Sandar Layi

Ranar Litinin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Yaya aiki? Yaya gwiwar da aka ce tana damunka in ka hau bene? Ka gaishe mini da uwar ɗakina da yaran duka. Mu nan muna godiya ga Allah.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Sau uku ina kiranka don in faɗi maganar nan, da na ji muryarka sai ta maƙale, mu ƙare a zancen ruwan sama da jarrabawar yara. A takarda ba mai katse ni.

Maganar idon Baba ce. Na hagu ka san ya tafi tun bara. Ranar Alhamis na kai shi wurin likita, ya daɗe yana auna na dama, sannan ya fito da ni baranda ya ce hawan jinin ido ne, kuma maganin ɗigawa ya daina riƙe shi. Aiki ake so a yi nan da mako shida. In ya wuce haka, ya ce ba zai yi mini alkawarin komai ba. Nan ba su da na'urar, sai babban asibitin garinku. Bayan aikin kuma dole ya zauna kusa da su mako biyu ana dubawa. Ka ga ke nan gidanka ne masauki.

Na same shi da maganar a ɗakin jirgin ƙasansa na wasa. Ɗakin yana nan yadda ka san shi, sai dai ya ƙara cika. Teburin nan na tsofaffin ƙofofi biyu ya kai bango da bango yanzu. Tasharsa tana bakin ƙofa, ɗaya tashar tana can jikin taga, layi ɗaya tal a tsakaninsu, ya ratsa tudun da ya yi da jarida da gam, ya hau gadar tsinken ashana. Ciyawar wurin, garin katako ne da ya rina kore. Tsakuwar gefen dogo kuwa da rariyar Inna ya tankaɗe ta, Allah ya jiƙanta, har ta rasu tana yi masa mitar rariyar. Ni ba na shiga da tsintsiya. Tun ranar da na ga dogon ya dushe na shafa masa man keken ɗinki, jirgi ya yi ta murza ƙafa a wuri ɗaya ƙura ta manne ko'ina, ya hana ni taɓa komai a ciki. Kullum bayan sallar asuba yakan shiga ya turo ƙofa, ni kuwa in kama aikina.

Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce shi ba ya tsoron wuƙar likita, amma ba zai kama hanyar garinku ba, don ba a buɗe masa layi ba.

Yaya, ka fi ni sanin abin da yake nufi. Ni ma tun ina ƙarama na haddace, yadda yake yi wa baƙi bayani: inda dogo ɗaya ne tsakanin tasha biyu, sanda ɗaya ce ta tagulla ke tsaron rayuka. Direba ba ya shiga layin sai tana hannunsa. In ya isa ya miƙa ta, sai kuma ta dawo da jirgin da zai taho. Tunda ita kaɗai ce, jirgi biyu ba za su taɓa haɗuwa gaba da gaba ba.

Sandar tasharsa da aka ba shi ranar da ya ajiye aiki, bayan an sa fitilu a layin, ba ta nan, sai ƙusarta a bango, har da shatinta inda fenti bai koɗe ba. Ban taɓa yi maka zancenta ba. Amma na gan ka, kwana biyu bayan rasuwar Inna, ka shiga ɗakin ka fito kana zuge jaka. Baba bai tambayi kowa ba. Abin da na sani, shekara shida ke nan jirginsa bai haye gadar nan ba. Yana kai shi bakin gada, ya tsayar, ya dawo da shi da baya.

Ba faɗa na zo yi maka ba, ban isa ba. Roƙo nake yi. In tana nan wurinka, ka dubi girman Allah.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta


Ranar Lahadi

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. An ce ƙaramar tana haƙori, Allah ya sa ta yi a sauƙaƙe.

Kwalin da ka aiko ya iso ranar Juma'a. Na buɗe, na ɗauka sandar ce. Da na ga kan jirgi ne sabo, baƙi mai jan layi, har da ƙaramar fitila a goshi, na zauna na daɗe ina kallonsa. Na san ka sha yawo kafin ka samu irinsa. Allah ya saka da alheri.

Jiya Asabar tsofaffin abokan aikinsa suka zo shan shayi kamar kullum bayan la'asar. Su ukun nan ne dai suka rage: Tsohon Direba, wanda ƙarar inji ta cinye masa kunne har ba ya magana sai da ihu, da Gadi, mai tsaron jirgi, da har yau usur ke rataye a wuyansa, da Mai Tikiti. Hirarsu ba ta canzawa. Wai a zamaninsu mata da kukan jirgin rana suke ɗora tukunya, kuma ba a taɓa cin abinci a makare ba. Yanzu kuwa, in ji Mai Tikiti, wadda ta jira jirgi kafin ta hura wuta, 'ya'yanta da yunwa za su kwana. Direba ya ce Gadi ya daina cika baki, shekara talatin ya yi yana barci a taragon ƙarshe ana biyansa. Gadi ya ce ai gara mai barci da wanda bai taɓa tsayawa daidai dandamali ba, kullum sai fasinja sun bi shi da gudu da kaya a ka. Baba yana ta murmushi.

Sai na kawo kan jirgin. Baba ya karɓa, ya kai shi dab da idonsa, sannan ya bar idon ya koma ga yatsu. Ya shafa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce wanda ya zaɓo wannan ya san jirgi, don mai nauyi ne ke kama dogo. Na ji daɗi har cikin raina. Amma sai ya miƙa wa Gadi ya ce ya kai shi tashar taga, ya juyo da goshinsa ya fuskanci gida. Tunda daga can ya fito, can zai jira sanda.

Direba ya daka tsawa irin tasa, ya ce, "Haba Masta, abin wasa ne fa! Ko ƙuda babu a ciki!" Baba ya ce, "Ran nan ma ba wanda ya ƙwarzane, kuma na rubuta." Mai Tikiti ya shiga hura shayin da ya riga ya huce.

Yanzu bari in faɗa maka abin da na aikata, don ya hana ni sukuni. Tun makon jiya, da na ga ba ka ce komai ba, na je wurin wani maƙeri a bayan kasuwa. Na zana masa sandar a takarda yadda na tuna ta, tsawonta, da zoben kanta, da lambar jikinta. Ya yi aiki mai kyau, har ya turara ta da hayaƙi don ta tsufa. Yau da safe na rataye ta a ƙusar. Na ce a raina ba zan ce daga gare ka take ba, ba kuma zan ce ba daga gare ka ba, ka ga bakina bai yi ƙarya ba.

Da hantsi ya kira ni. Na same shi tsaye tana hannunsa. Ashe ta gaskiyar tana da kwarmi a tsakiya inda hannayen direbobi suka cinye ta, da wani lotsawa a gindi daga ranar da ta faɗo daga inji. Ban san da su ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce rashin sanda jinkiri kawai yake kawowa, amma sanda biyu a layi ɗaya direba biyu ke nan, kowa ya tabbata hanya tasa ce. Ya ce in mayar wa maƙerin, in tsaya a kansa har ta narke. Ina kaiwa bakin ƙofa ya tambaye ni a hankali, ko a makarantar allo an koya mini cewa da harshe kaɗai ake ƙarya.

Yaya, shekarata arba'in da bakwai. Mata goma sha ɗaya ke zuwa ɗaukar karatu a wurina kowace yamma. Yau na sallame su da wuri, na kasa kallon allo. Na yi istigfari, na nemi gafararsa, ya ce ba komai, ya san abin da ya kai ni.

Saura mako huɗu. Ka yafe mini tsawon takarda.

Taka,
Auta


Ranar Laraba

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan ka huce, kuma kowa lafiya.

Ban ji haushin abin da ka faɗa a waya ba. Shekara goma sha tara yana cikinka, gara da ya fito. Na isar da saƙonka, cewa za ka ba wani direban mota sandar ya kawo ta. Ya ce sanda ba kaya ba ce da ake aikowa, tana tafiya ne a hannun wanda ya shiga layi. Na san za ka ce taurin kai ne. Ni ma na ce haka, a zuci.

Ka ce shi ya kamata ya fara neman ka, tunda shi ya rubuta sunan ɗansa da hannunsa aka kore shi daga aiki. Ba zan ce maka ƙarya kake ba. Ina tuna ranar. Kana ƙaramin akawu a tasharsa, jirgin fasinja ya yi awa uku a rana yana jiran sanda daga ɗaya tashar, yara suna kuka, akwai mace mai naƙuda a ciki. Baba ya tafi duba mahaɗar layi. Ka buga waya can, suka rantse maka babu komai a hanya, ka ɗaga koriyar tuta. Jirgi ya isa lafiya, matar ta haihu a asibiti. Da yamma ya zauna ya rubuta rahoto, Inna tana kuka a kansa.

Na juya maganar nan a raina ba adadi. Wata safiyar in tashi ina bayanka, wata safiyar ina bayansa. Ban iya raba muku gardama ba, kuma na daina ƙoƙari.

Abu ɗaya ne ban sani ba sai jiya. Tsohon Direba ya tare ni a ƙofar gida, ya ce in rubuta maka, tunda shi ne ya ja jirgin ran nan. Shi ma an sauke shi, ya yi wata shida yana jan taragu a cikin harabar tasha. Ya ce ya ga rahoton da idonsa a ofis. Suna uku ne a ciki, kuma na farko na Baba ne, a matsayin mai tashar da ya bar wurin aikinsa babu wanda ya isa ya riƙe. Wai a shekarar ake shirin mayar da Baba babbar tasha, shi ya sa ya ƙare aikinsa a ƙaramar nan. Direba ya ce shi shekara biyu ya yi ba ya gaishe da Baba, daga baya ya dawo don ya rasa wanda za su yi zancen jirgi da shi. Duk unguwa ta ji wannan sirrin, ka san muryarsa. Ban rubuto don in wanke Baba ba. An ba ni saƙo ne na isar.

Idon yana ja baya. Shekaranjiya ya zuba shayi a gefen kofi, ya yi kamar bai lura ba, ni ma na yi kamar ban gani ba. Ya daina buɗe Alƙur'aninsa mai manyan baƙi, da ka yake yi. Jiya na leƙa na gan shi ya kwantar da kumatu a kan tebur, saitin dogo, yana neman fitilar kan jirginka daga can jikin taga.

Saura kwana goma sha tara. Akwai jirgi ranar Asabar da sassafe. Mai Tikiti ya ce in gaya maka, ko da za ka zo, ka zauna ɓangaren hagu don rana, ka riƙo ruwanka, kada ka dogara da fanka, kuma abin da aka rubuta cewa yana isowa sha ɗaya na safe ka ɗauke shi a matsayin fatan alheri. Ban ce masa za ka zo ba. Ban ce wa kowa ba.

Allah ya yi maka jagora.

Ƙanwarka,
Auta


Ranar Talata

Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ku duka, ina gaishe da mai jiki. Yaya kwanan Baba? Yaya ɗawainiya? Ka yi wa uwar ɗakina godiya ta musamman, na ji an ce ita ke ɗiga masa magani a kan lokaci, har ya ce da ta yi aikin reluwe da ta kai babban matsayi. Daga bakinsa babu yabon da ya wuce wannan.

Alhamdu lillahi da aka cire bandeji ya ƙirga yatsun likita. Na fahimci abin da aka ce, wanda ya tafi ba ya dawowa, an dai tsare abin da ya rage. Ya ishe mu godiya.

Har yanzu ina ganin Asabar ɗin nan. Kai kana cikin jirgi ba ka ga farkonta ba. Da ka bugo ka ce ka shiga, na faɗa masa, ya sa aka ɗauko masa tsohuwar hular aiki. Tun goma da rabi muna kan benci a tasha, shi da mutanensa uku. Agogo yana hannunsa amma ba ya ganinsa, sai ya riƙa tambayata lokaci. Sha ɗaya ta wuce, azahar ta wuce. Gadi ya je ya tambayi yaron ofis, aka ce masa jirgi yana hanya, ya ce ai ya san ba a sama yake ba. Direba ya yi ta ihu cewa da jaki ka hau da ka riga ka iso. Na roƙi Baba mu koma gida ya huta, ya ce mai tasha ba ya tashi alhali akwai jirgi a layi. Huɗu saura kwata kuka shigo.

Ban ji kun nemi gafarar juna ba, kuma ban sa rai ba. Ina bakin ƙofar ɗakin jirgi lokacin da ka fito da sandar daga jaka ka miƙa masa, ya ƙi karɓa, ya nuna maka taga. Na ga wuyanka ya ƙage, na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Sai ka zagaya. Ka tsaya a tashar can da furfurarka, ka kunna kan jirgin, ka biyo shi a hankali ta gefen tebur, sanda a hannu, ya ratsa tudu, ya hau gada, ya shigo. Ka miƙa, ya laluba kwarmin nan da babban yatsa, ya ce, "An karɓa. Layi a buɗe." Gadi ya busa usur a cikin ɗaki har kunnen Direba ya ji.

Daga baya ka same ni ina wanke kofuna, ka yi mini tambaya ban amsa ba. Ka ce kai ka san dogon nan, in ya yi wata ɗaya ba a bi ta kansa ba sai ya dushe, wuta ta ƙi kamawa, jirgi ya riƙa tsayawa yana tari. Yaya aka yi layin da ya shekara shida a rufe ya ɗauki jirgi sumul, ko fitila ba ta ƙifta ba? Ka zaci ni na goge. Na bar ka da zaton a lokacin, ga shi kuwa ka san na riga na sha faɗa a kan irin wannan shirun. Ga amsar.

Ni ma na yi wannan tunanin. Ranar Juma'a, da ya tafi masallaci, na saci jiki na shiga da tsumma don in goge maka hanya. Na tarar babu abin gogewa. Daga bakin gada har jikin taga dogon yana ƙyalli, ya fi na cikin tasharsa ma. Washegari bayan asuba na tsaya a bayan ƙofa na leƙa ta kafar da ke jikinta, Allah ya yafe mini. Duk shekarun nan na ɗauka wuridi yake yi a ciki. Wuridin yake yi kuwa, ina ganin leɓɓansa suna motsi, amma tsumma ne naɗe a yatsansa. Ya fara daga tasharsa, yana lalube, taku ɗaya ɗaya, ya bi ta tudu, ya haye gada, har ƙarƙashin ƙafafun kan jirginka. Da na tambayi Gadi, ya ce ai kowa ya sani ban da ni da kai. Tun makon da ka tafi da sandar yake yi.

Kafin ku tashi ya damƙa mini aikin. Tsumma mai laushi, ɗigon sifirit kaɗan, ba ruwa, ba takardar goge katako. Sau uku ya maimaita mini cewa ban da mai. Ina yi kowace safiya. Ba na tayar da jirgi ko ɗaya, tunda sanda tana aljihunsa a can wurinku. Ku bar masa ita ƙarƙashin matashi in ya nema.

Likita ya ce ranar ashirin ga wata zai sallame shi. Na ji kana cewa za ka haɗa shi da wani amintacce ya rako shi, saboda aiki. Ba zan sa baki ba. Ina dai tuna maka cewa bai ga hanya sosai ba tukuna, kuma sandar tana da nauyi. Na wanke zanen gadon ɗakinka na da, na shanya.

Ka gaishe da Baba, ka ce masa layi yana nan a goge.

Wassalam.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a kullum,
Auta